Shekara uku ko shekara ɗaya: abin da koci zai duba kafin ya sa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni koci ne, shekarata 41, ina riƙe da lasisin horarwa na matakin B na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Na hau da ƙungiyata daga rukuni na biyu zuwa babbar gasar ƙasa, muka kuma tsallake faɗuwa a kakarmu ta farko. Yanzu kwantiragina ya ƙare. Shugabannin ƙungiya suna so in sa hannu a kan shekara uku da ɗan ƙarin albashi. Wata babbar ƙungiya kuma ta yi min tayin shekara ɗaya da albashi ninki biyu. Ga wani dillali yana cewa zai samo min aiki a ƙasar waje. Ina ganin ana korar kociyoyin Turai suna tafiya da miliyoyi, mu kuwa sai mu tafi hannu rabbana. Wanne zan ɗauka, kuma yaya kasuwar aikinmu take a yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Koci. Barka da ƙoƙari. Hawa da ƙungiya sannan a tsayar da ita a kakar farko ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa wayarka ba ta hutawa a kwanakin nan.

Na daɗe ina duba takardun kwantiragin kociyoyi da na 'yan wasa, na kuma zauna a wajen sulhu sau da yawa bayan an ɓata. Abin da na gani shi ne, yawan shekarun da aka rubuta a saman takarda ba shi ne tsawon zamanka a kan kujerar ba. Amfanin shekarun nan ɗaya ne: su ake lissafawa a gane nawa za a biya ka ranar da aka ce ka tattara kayanka. Shi ma sai in an rubuta shi da kyau, kuma akwai mai tilasta biya.

Dubi Graham Potter. A watan Satumban 2022 Chelsea ta biya Brighton sama da fam miliyan 20 don ta ɗauke shi tare da mataimakansa, ta ba shi kwantiragin shekara biyar. Farkon Afrilun 2023 aka sallame shi, bai cika wata bakwai ba. Julian Nagelsmann ma shekara biyar Bayern Munich ta ba shi a 2021, aka cire shi a Maris ɗin 2023. Erik ten Hag kuwa a watan Yulin 2024 Manchester United ta ƙara masa shekara ɗaya, a Oktoban shekarar ta kore shi. Babu ɗayansu da shekarun takarda suka tsare wa kujera. Aljihunsu suka tsare.

Kuɗin da kake gani suna tafiya da shi ba kyauta ba ce, ba kuma tausayi ba ne. Ragowar kwantiragi ne, ko wani kaso nasa da aka amince tun ranar sa hannu. Littafin kuɗin Manchester United ya nuna fam miliyan 19.6 ta kashe wajen rabuwa da José Mourinho da mutanensa a Disambar 2018. Chelsea ta kori Antonio Conte a 2018, suka kwashi lokaci suna shari'a, a ƙarshe lissafin ƙungiyar ya nuna fam miliyan 26.6 ne suka tafi a kan sallamarsa da ta ma'aikatansa da kuɗin lauyoyi. Lura da kyau: har Conte, wanda ya ci musu gasar Firimiya a 2017 da kofin FA a 2018, sai da ya bi haƙƙinsa ta hannun lauya. Takardarsa ce ta tsaya masa, ba kofunan ba.

A Italiya salon ya ɗan bambanta. Idan aka cire koci daga aiki, kwantiraginsa bai mutu ba. Ƙungiya za ta ci gaba da biyansa wata-wata yana zaune a gida, har wa'adi ya cika ko su daidaita. Inter ta cire Luciano Spalletti a 2019, ya yi shekara biyu ba ya horar da kowa yana karɓar albashinsa, a 2021 ya karɓi Napoli, a 2023 ya ci musu gasar da rabonsu da ita tun 1990. Wannan hutun da kuɗi a hannu shi ya ba shi damar ya jira aikin da ya dace da shi. Kocin da aka kora ba ko sisi ba ya zaɓen aiki. Duk wanda ya kira shi zai amsa, ko da ƙungiyar tana ƙasan teburi kuma saura wasa takwas a rufe kaka, sai ya ƙara wa sunansa faɗuwa ta biyu. A nan ne maganar diyya take haɗuwa da maganar kasuwa da ka tambaya.

To me ya sa mu muke tafiya hannu rabbana? Wani ɓangaren amsar yana cikin dokar FIFA. Tun farkon 2021 FIFA ta sa wa kociyoyi ƙa'idoji nasu na musamman a cikin kundin da ke tsara matsayin 'yan wasa da sauya sheƙarsu. Ƙa'idojin sun ce idan aka riƙe wa koci albashin wata biyu, ya rubuta takardar gargaɗi ya ba da wa'adin aƙalla kwana 15, ba a biya ba, yana da hujjar ajiye aiki ya nemi diyya. Idan aka kore shi ba da hujja ba, kuma takarda ba ta faɗi adadin diyya ba, ragowar kwantiragin za a biya shi. In ya samu sabon aiki kafin wa'adin tsohon ya cika, sai a cire abin da yake samu a sabon wurin. Ƙungiyar da ta ƙi biya bayan hukunci ana iya hana ta rajistar sababbin 'yan wasa. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne a Suwizalan. Ana kuma so a shigar da ƙara kafin shekara biyu ta wuce.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne ya shafe ka. FIFA tana sauraron rigimar da ta haɗa baƙon koci da ƙungiya ko hukumar ƙasar da ba tasa ba. Shi ya sa da Najeriya ta sallami Gernot Rohr a Disambar 2021, saura kusan shekara guda a kwantiraginsa, ya kai ƙara FIFA, aka umarci NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, ta biya shi kusan dala dubu 380. Kai ɗan ƙasa ne a ƙungiyar ƙasarka, wannan ƙofar ba taka ba ce. Taka hanyar ita ce kwamitin sasanci na hukumar ƙwallon ƙasa, kuma ko ka yi nasara a can, fitar da kuɗi daga hannun ƙungiyar da ba ta son biya wani aikin ne daban. Don haka kai ka fi Bature buƙatar ka ɗaure akuyarka tun a takarda.

Bari in ba ka labarin wani koci da ya zo wurina shekarun baya, bayan wata ƙungiya ta sallame shi a tsakiyar kaka. Ya miƙo min abin da yake kira kwantiragin shekara biyu. Shafi ɗaya ne da rabi. An rubuta albashi, an rubuta kuɗin sa hannu da za a biya kashi-kashi ba tare da an sa rana ba, sai wani layi da ya ce ƙungiya na da ikon soke yarjejeniya idan sakamako bai gamsar ba. Wa zai gamsu? Da wane ma'auni? Ba a faɗa ba. Na ji zafin abin a raina, domin mutumin ya san aikinsa, yana bin su bashin wata huɗu, ga iyali ya baro a wani gari. Da aka tambaye shi me ya sa bai nuna wa lauya ba kafin ya sa hannu, sai ya ce kunya ya ji, kada shugaban ƙungiya ya ga kamar bai yarda da shi ba. Wannan kunyar ta cinye haƙƙin kociyoyi da yawa a ƙasar nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da ake murmushi ana ɗaukar hoto da sabuwar riga ita ce kaɗai ranar da za ka iya maganar rabuwa a saurare ka.

Saboda haka kafin ka auna shekara uku da shekara ɗaya, ka nemi kowane ɓangare ya rubuta maka adadin da za a biya idan aka sallame ka, da ranar da za a biya. Idan sun ce ragowar shekara uku ta yi musu nauyi, ba laifi, ku tsaya a kan albashin wata shida ko tara, a biya cikin kwana 30. Ƙaramin adadi bayyananne ya fi babban da za ka shekara kana bi. Kuɗin sa hannu kuma ka yi ƙoƙari kaso mafi tsoka ya shigo kafin wasan farko, tunda ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sai maganar wa'adin wasa uku da shugabannin ƙungiyoyinmu suka saba bai wa koci da zarar an yi rashin nasara biyu a jere, ko aka yi canjaras a gida. A gasar da cin wasan waje yake da wuya, wasa uku ba ma'auni ba ne, musamman in biyu daga ciki a waje ne. Idan suna son a sa sharaɗin sakamako, a sa wanda ake iya ƙirgawa: matsayi kaza a ƙarshen zagayen farko, ko maki kaza bayan wasa 19. Haka José Peseiro ya yi da Najeriya a 2023, ya amince a rage masa albashi, aka ɗaura ci gabansa a kan abin da zai yi a gasar kofin Afirka. Ya kai wasan ƙarshe a Fabrairun 2024, kwantiragi ya cika, ya tafi da sunansa a wanke. Ko ka so salon wasansa ko ka ƙi, kowa ya san abin da aka auna shi da shi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda kociyoyi ba su cika tambaya ba, shi ne wane ne mai biyan kuɗin, kuma shi ne ya sa hannu? Yawancin ƙungiyoyi 20 na babbar gasar Najeriya mallakin gwamnatocin jihohi ne. Shugaban da ya ɗauke ka naɗa shi aka yi. Idan aka sauya gwamna ko kwamishinan wasanni, ana iya rushe hukumar gudanarwa gaba ɗaya, sababbin su zo da nasu kocin. Kwantiragin shekara uku da ya ratsa ta kan zaɓe, ka lissafa shi a matsayin wanda zai iya yankewa a nan. Ba mu kaɗai ba ne. A Kamaru a 2024 ma'aikatar wasanni ce ta naɗa Marc Brys, hukumar ƙwallo ƙarƙashin Samuel Eto'o ta ce ba da ita aka yi ba, aka yi ta ja-in-ja koci yana tsakiya. A Senegal, Aliou Cissé da ya riƙe tawagar tun 2015 ya ci musu kofin Afirka na farko a tarihinsu, a Oktoban 2024 ma'aikatar wasanni ta ƙi amincewa da sabunta masa, duk da hukumar ƙwallo tana so. Ka tabbata sunan ƙungiya ne a takardar, da hatiminta, kuma an ajiye kwafi a wajen masu shirya gasa. Alkawarin baki na wani mai faɗa-a-ji, komai kusancinsa da gidan gwamnati, yana tafiya tare da shi ranar da ya sauka.

Ka kuma yi wa mataimakanka magana. Idan da wanda ka yarda da shi, mai horar da masu tsaron raga ko mai kula da motsa jiki, a rubuta shi tare da kai. Sannan a fayyace wa ke da ta cewa wajen sayen 'yan wasa. Babu zaluncin da ya kai a cika maka sansani da yaran da ba ka nema ba, a kuma kore ka don sun kasa.

Takarda mai kyau tana da ƙofar fita ta ɓangarenka ma. Rúben Amorim yana tsakiyar kwantiragi da Sporting lokacin da Manchester United ta zo a ƙarshen 2024, amma akwai farashin sakinsa a rubuce, yuro miliyan 10, aka ƙara miliyan ɗaya don a gaggauta, ya tafi ba rigima. A wurinka adadin ba zai kai ko kusa ba, amma dabarar ɗaya ce: idan tawagar ƙasa ko ƙungiyar waje ta neme ka, a biya ƙungiyarka kaza, ka tafi cikin mutunci. In babu wannan layin, dogon kwantiragi kai yake ɗaurewa, su bai ɗaure su ba.

Yanzu kasuwa. Kujerun kaɗan ne. Manyan gasannin Turai biyar, na Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa, gaba ɗaya kujera 96 ke gare su. Amma kujerun suna juyawa da sauri. A kakar 2022/23 fiye da rabin ƙungiyoyin Firimiyar Ingila sun sauya koci kafin a rufe kaka. Zamanin da Alex Ferguson ya yi sama da shekara 26 a wuri ɗaya ya wuce. Cin kofi ma ba garkuwa ba ne: Leicester ta kori Claudio Ranieri wata tara bayan ya ci mata gasa, Tottenham ta kori Ange Postecoglou a Yunin 2025 makonni kaɗan bayan ya ɗauko mata kofin Europa. Mu ma mun ga namu. Marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana kai Najeriya gasar kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyun ana cire shi kafin a tafi. Marigayi Stephen Keshi ya kai Togo ta 2006, wani ne ya je da su Jamus. Har yau in na tuna da Amodu raina yana sosuwa.

Wannan juyawar tana da alheri a ciki ga wanda ya shirya: kora ɗaya ba ta kashe koci, kuma kowace kaka ana buɗe ƙofofi. Abin da masu ɗauka suke dubawa ma ya fara sauyawa. Vincent Kompany ya faɗi daga Firimiya da Burnley a 2024, a bazarar shekarar Bayern ta biya kuɗi ta ɗauke shi, ya ci mata gasar Jamus a 2025. Ba teburi kaɗai suka kalla ba, sun kalli yadda ƙungiyarsa take taka leda da yadda yake tafiyar da 'yan wasa. Ka fara tara shaidar aikinka tun yanzu: bidiyon wasanninku, jerin yaran da ka ɗauko daga ƙasa suka zama wani abu, yawan makin da ka samu da irin kuɗin da aka ba ka. Mai nemanka daga nesa ba zai zo filin atisaye ya gani ba.

A Afirka kuma darajar kocin gida ta ɗaga. Kofin nahiyar sau uku a jere 'yan ƙasa ne suka ci wa ƙasashensu: Djamel Belmadi da Aljeriya a 2019, Cissé da Senegal a 2022, Emerse Faé da Kwaddibuwa a 2024, shi ma a tsakiyar gasar aka miƙa masa aiki bayan an sallami Bafaranshen da ke kai. Walid Regragui ya karɓi Maroko saura wata uku a fara kofin duniya na 2022, ya kai su wasan kusa da na ƙarshe. Pitso Mosimane ya bar Mamelodi Sundowns a 2020 ya koma Al Ahly ta Masar, ya ci kofin zakarun Afirka sau biyu a can, daga nan ƙofar Saudiyya ta buɗe masa. 'Yan Najeriya ma sun fita: Emmanuel Amuneke ya kai Tanzaniya kofin Afirka na 2019, karo na farko tun 1980, Ndubuisi Egbo ya ci gasar Albaniya da KF Tirana a 2020. Duka biyun ba su daɗe a kujerar ba bayan nasarar, amma sunan ya zauna.

Sai dai duk waɗannan ƙofofin da takardar shaida ake shiga. CAF tana neman lasisin A ga babban kocin da zai zauna a benci a gasanninta na ƙungiyoyi. Da B ɗinka, ko babbar ƙungiyar nan ta samu gurbin zuwa Afirka, wani za a ɗora a kanka a ranar wasa. Wannan ya sa ban ɗauki maganar dillalin nan da nauyi ba tukuna. In da gaske yake, ya kawo takardar tayi daga ƙungiyar, mai hatimi, ka kira su da kanka ka tabbatar. Kada ka ba shi ko kobo da sunan kuɗin biza ko na buɗe hanya, ladansa bayan an sa hannu ne. In aikin ya tabbata, a rubuta da wane kuɗi za a biya ka, wa zai ɗauki haraji, gida, mota da tikitin dawowa. Haraji ba ƙaramar magana ba ce: a Agustan 2024 NFF ta sanar da Bruno Labbadia a matsayin kocin Super Eagles, cikin kwanaki maganar ta rushe, hukumar ta ce a kan batun harajin Jamus ne. Darajar kuɗi ma haka. Wanda ya sa hannu a kan naira a farkon 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Ko a gida za ka zauna, shekara uku a kan albashi ɗaya tsayayye asara ce, a sa ƙari duk shekara. Alherin aikin waje guda ɗaya shi ne a can kai ne baƙo, ƙofar FIFA da na ambata a buɗe take gare ka.

Kuma duk abin da za ka yi, kada shugabanninka su ji shi a rediyo. Julen Lopetegui ya amince da Real Madrid yana riƙe da tawagar Sifaniya, aka sanar, hukumar ƙasar ta kore shi saura kwana biyu su buga wasansu na farko a kofin duniya na 2018. Kafin ƙarshen Oktoba Madrid ma ta sallame shi. Kasuwar kociyoyi ƙarama ce, shugabannin ƙungiyoyi sun san juna, kuma kafin a ɗauke ka sai an kira inda ka baro.

Ga ra'ayina, tunda ka nema. Da ni ne kai, zan zauna inda nake, amma ba a kan shekara uku ba. Zan nemi shekara biyu, da diyyar sallama a rubuce, da farashin sakina, da ƙarin albashi a shekara ta biyu, da sharaɗin ƙungiya ta biya min kuɗin kwas ɗin lasisin A ta kuma ba ni lokacin zuwa. Dalilina shi ne a nan kana da abin da kuɗi ba ya saya nan take: 'yan wasan sun san ka, magoya baya suna ganin girmanka, in aka yi rashin nasara uku za a yi maka uzuri. A babbar ƙungiyar kuwa kofi ake jira, kai baƙo ne, kuma shekara ɗaya tana nufin ba su yanke shawara a kanka ba, gwaji suke. Albashi ninki biyu da aka biya wata huɗu aka tsaya bai kai naka na yanzu na shekara ba. Xabi Alonso yana tsakiyar kakar da ya ci gasar Jamus da Leverkusen ba a doke shi ba, ana ta alaƙanta shi da Liverpool da Bayern, a Maris ɗin 2024 ya fito ya ce zai zauna. Shekara guda bayan haka Real Madrid ta zo. Zaman bai rage masa farashi ba.

Abu ɗaya ne zai sa in sauya wannan shawarar. Idan ƙungiyarka tana da tarihin riƙe albashi, ko ka ga alamar za a sayar da manyan 'yan wasanka ba a maye gurbinsu ba, to kaka ta biyu za ta fi ta farko wuya, kuma kai za a ɗora wa laifin. A wannan halin ka koma wa babbar ƙungiyar da buƙata biyu: shekarar ta zama biyu ko ta sabunta kanta idan ka kai matsayin da aka amince, sannan in an sallame ka kafin kaka ta ƙare a biya ragowar albashin gaba ɗaya. Ka kira kociyoyi biyu da suka bar wurin kwanan nan ka tambaye su ko an gama biyansu. Takardun biyu kuma ka kai wa lauyan da ya san harkar wasanni ya karanta kafin ka ɗora biro a kan kowace, in ya so ka turo min abin da ya ce mu sake dubawa tare. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Koci.